Yadda na zauna zanen alkukin Annabi Musa da sharhin malaman Yahudawa

Wata uku kenan ina bibiyar yadda malaman Yahudawa na da can suke fassara kayan ibadar dake cikin Attaura, na fara da alkukin zinariyar nan mai fitilu 7 da suke kira Menora, wanda bayaninsa yazo a Littafin Fitowa sura ta 25. Ibrananci na bai kai ya kawo ba, da fassara nake haɗawa a waya.

Ranar farko na ɗauko fensir na zana rassan a lanƙwashe kamar yadda na saba gani a hoto, wato irin wanda aka sassaƙa a jikin ƙofar Titus a birnin Rum, daga nan na zarce neman ma'anar ɓoye, me bakwai take nufi, me haske yake nufi. Ashe na tsallake aikin ne gaba ɗaya. Da na buɗe Rashi, malamin garin Troyes a Faransa daya rasu 1105, sai naga shi ko kaɗan baya gaggawa, kalma kalma yake bi, yace dunƙulen zinariya ɗaya aka yita dukansa da guduma har komai ya fito ba wai an ƙera rassa daban an liƙa ba, kuma rassan a karkace suke hawa sama. In kalma tayi wuya sai ya kawo ta da Faransancin zamaninsa, wallahi nan take na tuno malaman zaure da suke rubuta Hausa da ajami a ƙarƙashin kalmar Larabci.

Sai na goge na sake. Na ƙirga kofunan adon dake jikin alkukin, uku uku a rassa shida 18 kenan, huɗu a gangar jiki, 22 cif kamar yadda Talmud, babban kundin maganganun malaman Yahudawa na da, ya faɗa. Sau uku ina ɓata takarda saboda na kasa gane inda ƙullin ado zai zauna a ƙarƙashin kowane reshe biyu, har Isha'i ta riske ni. Daga baya naga zanen da Musa ɗan Maimun (wanda ya rasu a Masar 1204) yayi da hannunsa, rassan a miƙe sambal, kuma ɗansa Ibrahim ya tabbatar haka mahaifinsa yake nufi. Raina yayi fari sosai da naga babban malami irin wannan shima sai da ya zana.

Amma abinda yafi tsaya min a rai shine harafi ɗaya tak. Kalmar "za a yi" a aya ta 31 an rubuta ta da ƙarin harafin Ibrananci da ake kira yod. Rashi ya kawo ruwayar magabata cewa aikin ya yiwa Annabi Musa wuya, sai Ubangiji yace ya jefa zinariyar a wuta, alkukin ya fito da kansa, shi yasa ba a ce "kayi" ba. Shi kuwa Ibn Ezra, wani malamin nasu ɗan Andalus, bincike ya tafi, yace yaga kwafin da malaman Tabariya suka duba, dattawa 15 suka rantse sun bi kowace kalma da kowane ɗigo sau uku, akwai yod ɗin, amma a kwafin Andalus da Faransa bai ganshi ba. Mutum biyu, harafi ɗaya, kowa da ƙofar daya shiga, kuma a shafi ɗaya ake buga su kamar matani da hashiya.

Hanyoyin fassarar malaman nasu huɗu ne, peshat zahirin magana, remez ishara, derash ruwaya da wa'azi, sod kuma asiri. Ni gaskiya nafi karkata ga zahirin, dan sai da na iya zana abun daidai sannan na fahimci Ramban, wani malamin nasu ɗan Girona a Sifaniya, da yake cewa alfarwar ibadar da ake ajiye alkukin a ciki duka cigaban abinda ya faru ne a Dutsen Sina'i, ɗaukakar data sauka a fili ta koma tana zaune a ɓoye. Yanzu na koma kan akwatin alkawari, Tabutun nan da aka ambata a Baƙara aya ta 248, na fara da awonsa, tsawo kamu biyu da rabi.