Sisin 1575 mai huda a tsakiya ya tsallake gwajin ruwa

'Yan uwa, alhamdu lillahi, sisin nan nawa na Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ɗaya azurfa ne na gaske. Jiya da dare lissafin gwajin ruwa, wato raba nauyinsa a bushe da nauyin ruwan da ya ture, ya ba ni 10.4, lambar azurfar kirki, na sake maimaitawa, haka ya tsaya. Waɗanda suka ga hotonsa kwanakin baya za su tuna: na 1575, fure a bayan kan sarauniya, huda a tsakiya daidai wuyanta. Fam 70 na saye shi, kuɗin aike da abin da aka caje ni kafin a sake min kunshin suka kusa kai rabin haka. To kun ga dalilin da ya sa hankalina ya tashi da gwajin farko ya ba ni 9.4.

A bushe sikeli yana nuna giram 2.81, wanda daidai ne ga sisin da aka buga da kusan giram 3 ya kuma sha hannu shekara da shekaru. Matsalar a cikin ruwa take. In na rataya shi da zare a kofi, sai sikeli ya ce 0.30, wani lokaci 0.29. A raba 2.81 da 0.30, me ya fito? 9.4, lambar da ta fi kusa da ta jan ƙarfe fiye da ta azurfa. Ga ƙaramin kuɗi irin wannan, bambancin 0.01 kaɗai ya isa ya mai da na gaske jabu, shi ya sa gwajin da ke tafiya lafiya lau da dalar Maria Theresa yake wahalar da mutum a nan. Na kashe fanka, na rufe taga, na canja ruwan famfo da ruwan batir, na ɗora sikelin a kan siminti maimakon tebur, na aro ƙaramin sikelin wani maƙerin gwal. Duk a banza. Har na fara rubuta wa wanda ya sayar min saƙo mai zafi.

Abin da ya warware shi fitilar waya ce. Na haska kofin ta gefe, sai ga ƙwayar iska ta maƙale tsaf a cikin hudar, zaren ya tokare ta, ga wasu ƙanana sun yi layi a jikin baƙin dattin da ke tsakanin haruffa. Kullin zaren kansa ma yana riƙe da nasa. Na ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya, na jiƙa sisin na ɗan lokaci, na tsokane hudar da tsinken sakace, na ɗaure shi da siririn zaren kamun kifi, kullin a sama da ruwa. Sikeli ya sauka 0.27 ya zauna. Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna. Ban sa masa lemun tsami ko toka ba, kuma ina roƙonku kada ku sa wa naku, baƙin nan shaida ne.

Yanzu batun hudar. Wani babban yayanmu a wannan harka ya ce min ado aka yi da shi, kamar yadda iyayenmu mata ke yi da dala da sule. Ina girmama maganarsa, amma ban yarda ba. Mai ado a gefe yake hudawa don kuɗin ya rataya, ko ya liƙa masa kunne. Wannan a cibiya take, kuma a gilashin masu gyaran agogo za ka ga leɓen azurfar ya tashi ta baya, inda gicciye ya ratsa garkuwa. Ba a ƙwaƙule komai ba, ƙarfe aka dasa aka buga, azurfar ta kauce gefe. Haka dokar Ingila ta Janairun 1696 ta ce a yi: duk mai tsohon kuɗin bugun guduma, wato wanda aka buga da hannu ba da inji ba, wanda ba a aske gefensa ba, zobba biyun da ke kewaye da rubutunsa ko mafi yawan haruffansa na nan, ya huda shi a tsakiya kafin 10 ga Fabrairu ba tare da rage azurfar ba. In aka ga mai huda an aske shi daga baya, ba mai karɓa. Nawa haruffansa sun kusa cika.

Shi kuwa sulen Sarki Charles na ɗaya da ke kusa da shi a akwatina, wanda ya kamata ya kai giram 6, giram 3.4 ne. An aske shi har rubutun gefe ya tafi. Irinsa ne suka cika Ingila a 1695, lokacin da aka auna buhunan kuɗin baitulmali aka tarar nauyinsu bai wuce rabi da kaɗan ba. Da za a narke tsoffin a buga sababbi, William Lowndes na baitulmali ya ba da shawarar a ɗaga ƙimar sabon kuɗi, masanin falsafa John Locke ya ce a bar shi a tsohon nauyi, kuma ra'ayin Locke aka bi. Sai gwamnatin Sarki William na uku ta buɗe ƙofa ɗaya: masu karɓar haraji za su karɓi askakken kuɗi a cikakkiyar ƙimarsa har 4 ga Mayun 1696, masu ba sarki rance kuma har 24 ga Yuni. An ma yarda mutum ya biya harajin filinsa tun kafin lokaci ya yi.

Duk sanda na ɗauki sulen nan sai raina ya ɓaci. Mai fili da attajiri suna da harajin da za su biya, suna da rancen da za su bayar, sun zubar da askakkun kuɗinsu sule a sule. Lebura da mai tallan kifi ba su da hanyar baitulmali, dole su sayar wa mai hanya a rahusa, ko wa'adi ya wuce kuɗin ya koma nauyin azurfarsa kawai. Sabon kuɗi bai fito da sauri ba, har mutane suka yi wa Bankin Ingila ca a watan Mayun. Giɓin da karɓar askakken kuɗi a cikakkiyar ƙima ya bar wa gwamnati kuma da harajin taga aka cike shi, wanda ya fara da sule 2 a kan gida, ƙari ga mai tagogi da yawa, bai mutu ba sai 1851.

Niyyata a da in gama da bugun guduma kafin in taɓa bugun inji, amma tsarin ya riga ya cakuɗe. Faifan da nake shiryawa yana buƙatar na uku, wato abin da aka narke waɗannan aka mayar. Banda Hasumiyar Landan, inda Isaac Newton ya kama aiki a 1696, an buɗe gidajen buga kuɗi a Bristol da Chester da Exeter da Norwich da York, kowanne da harafinsa a ƙarƙashin hoton sarki. Na Chester nake so, mai harafin C, don a can masanin taurari Edmond Halley ya yi aiki. Na ga wani sisi na 1697 mai sauƙin farashi, sai dai wurin harafin ya goge sosai, a hoto ba na iya raba C da E. Duk wanda ke da na Chester ko na Exeter a hannu, don Allah ya ɗaukar min hoton ƙasan wuyan sarki da haske ta gefe, kafin in tura kuɗi.