Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Ƙuraje Suka Cinye Min Fuska

A makon jiya na tsaya a inda muka koma Gwammaja bayan rasuwar Baffa. A wannan gidan ne, ina aji biyu na babbar sakandare, ƙuraje suka fara feso min. Da fari guda biyu ne a goshi, sai haɓa, kafin bazara ta wuce kumatuna duk sun cika. Wasu masu farin kai, wasu baƙi, wasu kuma manya ne can ƙarƙashin fata, ko bakin hijabi ya goge su sai na ji zafin har cikin kaina.

Kowa a gida da nasa bayanin. Inna ta ce gyaɗa ce, ta hana ni ƙuliƙuli da kunun gyaɗa. Yaya ta ce datti ne, ta miƙo min soso da sabulun salo, na dinga dirzar fuskata sau biyar a rana har tana raɗaɗi. Maƙociyarmu cewa ta yi na balaga ne, da an yi aure za su tafi. Ni kuwa kullum dare ina gaban madubi ina matse su da farce, duk wanda na matse sai ya bar min baƙin tabo.

Ana saura wata guda bikin 'yar kawuna, wata ƙawata ta ja ni kasuwar Sabon Gari, wani shagon kayan shafa. Mai shagon ya kalle ni sau ɗaya, ya ɗauko wata 'yar roba marar suna, marar rubutu ko ɗaya, ya ce haɗi ne na musamman. Kwana shida ina shafawa, fuskata ta kwanta luf, har ta ƙara haske. A wajen kamu kowa tambayata yake me nake shafawa. Wallahi ranar na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, shi ya sa har yau ba na zargin yarinyar da ta faɗa wannan tarkon.

Wata huɗu na yi a kai. Da roba ta uku ta ƙare babu kuɗin sayen wata, cikin mako guda sai ga ƙananan ƙuraje iri ɗaya sun feso kamar gero, goshi, kumatu, har ƙirji. In na fito daga adaidaita sahu rana ta taɓa ni, ji nake kamar an watsa min barkono.

Kawu ne ya kai ni Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ɓangaren fata. Likitar, wata dattijuwa, tana ɗaga haɓata ta ce, "'Yata, me kike shafawa?" Na fito da robar. Ta ce yawancin irin wannan haɗin akwai sinadarin steroid a ciki. Yana kwantar da kumburi nan take, shi ya sa ake ganin kamar ya yi magani, amma in an daɗe ana shafawa yana sirantar da fata, kuma shi kansa yana haifar da ƙuraje.

Sai ta ɗauki biro ta zana min a bayan kati. Ta ce kowace ƙofar gashi a fuska tana da wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Lokacin balaga sinadaran jiki suna sa maiƙon ya yawaita, ya haɗu da matacciyar fata su toshe ƙofar, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a wurin su samu abinci su hayayyafa, wurin ya kumbura. Baƙin kan nan da Yaya take cewa datti, iska ce ta taɓa maiƙon ya yi duhu, soso ba ya fitar da shi, sai dai ya ƙara fusata fatar. Ta ce ana gadonsu, kuma ga mata sukan ƙaru gab da al'ada. Na tambaye ta gyaɗa. Ta ce ta fi damuwa da lemon kwalba da kayan zaƙin da nake sha a makaranta.

Abin da ta ɗora ni a kai ba shi da yawa. Wanke fuska safe da dare da sabulu marar ƙarfi, da tafin hannu kawai. Ta hana ni shafa basilin a fuska, ta ce in kula kada man kitso ya dinga gangarowa goshi, in riƙa wanke hular hijabi da rigar filo akai-akai. Ta rubuta min benzoyl peroxide na shafawa, da ƙwayar doxycycline da ake sha da ruwa mai yawa, wadda ta ce ba a ba mai ciki. Ta ja kunnena sosai a kan matsa. Sannan ta ce kada in sa ran ganin canji kafin mako shida zuwa takwas, kuma da na bar haɗin, fuskar za ta fara lalacewa kafin ta gyaru.

Haka kuwa aka yi. A mako na uku na zauna a tsakar gida na yi kuka, na ce wa Inna zan koma Sabon Gari. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ba shi wata biyun da aka ce, uwata." Maganin shafawar ya koɗar min da bakin hijabina mai ruwan toka, don yana cin launin tufa, amma a mako na bakwai sababbin ƙuraje suka ragu. Tabon da farcena ya bari shi ya fi daɗewa, ya kusa shekara. Ranar da muka dawo daga ganin likita karo na uku, Inna da kanta ta dama min kunun gyaɗa.

Bayan sallah babba ina neman allura a jakar ƙanwata, sai hannuna ya taɓo wata 'yar roba marar suna. Yadda muka kwashe da ita a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.