Akuya ta bakwai

Da kuɗin adashe na fara kiwo a 2021, bayan mun tare a gidanmu na bayan gari. Jajayen awaki shida na saya, irin na Sakkwato da Maraɗi, na kafa musu turaku a ƙarƙashin rumfa. Shekara ta zagayo, huɗu sun haihu, biyu daga ciki tagwaye, garke ya kai goma sha biyu.

Da hunturu ya shigo, dillalin da na saba saye a hannunsa ya jawo wata akuya mai ciki har ƙofar gida. "Hajiya, mai ita kuɗi yake nema da gaggawa, ke na fara kawo wa." Na ga hancinta a jiƙe, na tambaya. Ya ce ƙurar hanya ce. Da yammar nan na ɗaure ta cikin 'yan uwanta, suka sha ruwa a baho ɗaya.

Kwana biyar a tsakani, ƙananan suka daina tsalle. Majina, kwantsa ta liƙe idanu, baki duk gyambo har ba sa iya tauna dusa, daga baya zawo mai wari ya biyo. Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo: kwana uku na ɓata ina ɗura musu kafso na kemis da jiƙon maɗaci, saboda kowa a unguwa da nasa maganin. Ranar da malamin dabbobi ya zo, buɗe bakin ɗaya kawai ya yi ya ce PPR ce, wata cutar awaki da tumaki mai saurin yaɗuwa. Ba ta da maganin kanta, allurar da zai yi ta hana ciwon huhu hawa kai ce kawai. Rigakafinta kuwa a Vom ta jihar Filato ake yin sa, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara uku. "Hajiya, da kin ware ta mako uku, da ita kaɗai za ki rasa."

Takwas suka mutu cikin mako biyu. Akwai wata da na raina da hannuna tun uwarta ta ƙi ta, a kan cinyata ta cika da asuba.

Da na aika wa dillalin, cewa ya yi ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma yaron maƙwabta ya gan shi yana goge mata hanci da tsumma kafin ya yi sallama. Har yau ina amsa gaisuwarsa, sai dai igiyarsa ba ta ƙara wuce zaurena ba. Duk mai fara kiwo ya sani, dillali la'adarsa yake duba.

Sauran abubuwan da sauƙi na koye su. Harawa da kaka ake tara ta, kafin ta yi tsada da bazara. A tsince leda a tsakar gida, akuya tana haɗiye ta ta rame a banza. Hatsi da yawa lokaci guda kumburin ciki ne. Da damina kada a bar su kwana kan laima.

Yanzu ina da goma sha bakwai, duk da rigakafinsu, kuma na kewaye wani lungu a bayan ɗakin girki saboda baƙuwar dabba. Bara yayar maigida ta kawo mini kyautar 'yar akuya, ita ma can na kai ta. Yaya ta ji haushi, ta ce ai daga gidanta ta fito. Na ba ta haƙuri, akuyar kuma sai da ta cika kwana 21.