Kirinjijiyar da na rena da hannuna

A watan Agusta, tsakiyar damina, na tsince ta cikin ciyawa a bakin gonar kawuna kusa da tabkin Tabalak. Ƴar tsako ce ta kirinjijiya, wata agwagwar daji mai kuka kamar fito, ba ta fi kwana biyu da ƙyanƙyasa ba. Ban ko tsaya na duba ko iyayenta na kusa ba, alhali su a ƙasa suke yin sheƙa, kuma uwa da uba tare suke kiwon ƴaƴa. Na sa ta a hula na taho da ita Tahoua.

Abinci bai ba ni wuya ba: tsaki, dussa jiƙaƙƙiya, gara da ɗanyen haki. Inda na yi ɓarna shi ne ɗaki. Cikin kwali take kwana kusa da tabarmata, a tafin hannuna take ci, yara na ɗaukar ta wuni. Tsakon agwagwa kuwa abin da ya fara sabawa da shi a kwanakin farko shi yake ɗauka uwa. Ni ta ɗauka. Ina jin daɗi tana bi na har ƙofar masallaci, ashe cutar ta nake yi.

Wajen wata biyu fukafukai suka cika. A Nuwamba na mai da ita Tabalak, inda ƴan'uwanta suke garke-garke a bakin ruwa. Na aje ta, na ja baya. Ko kallon su ba ta yi ba, sai ta biyo sawuna tana kuka. Na ɓuya bayan wata bagaruwa. Da ta rasa ni, ta nufi wasu yara masu kiwon awaki, don mutum ba abin tsoro ba ne a wurinta, kare ma haka, tunda da na maƙwabta ta tashi. Karen yaran ya cafke ta a fiffike kafin in iso. Har yau ina jin ƙarar.

Wani tsohon ma'aikacin gandun daji da na kai wa ita ya ce: “Malam, wadda ta saba da hannu ba a sakin ta. Da wurinmu ka fara zuwa.” Ya tuna mini cewa dokar 1998 kan farauta da kare namun daji ta shafi tsuntsayen nan. Ya ce in dole ne a rena, a haɗa ta da ƴan tsakin agwagwa, a ba ta ci ba tare da ta ga fuskar mutum ba. Ni kuwa kullum fuskata take gani.

Yanzu tana garkar wani dattijo mai kiwon agwagi, da kududdufi da shinge. Ta yi sati uku kafin ta yarda ta ci tare da su. Fiffiken ya warke a karkace. Dattijon ya ce mini da dare, idan garken kirinjijiya ya ratsa sama yana fito, takan ɗaga kai ta amsa.