Asabar, Ingleton, da iccen kwabbai

Tun a mota na ce wa Abbansu mu juya, ya ce in ana jiran rana ta fito a Yorkshire a watan Oktoba sai a tsufa a ɗaki. Muka wuce Skipton, muka wuce Settle, yayyafin nan bai ƙaru ba bai ragu ba. A bakin shiga aka karɓi kuɗinmu cas, ba ragin ko kwabo don ana ruwa. Da Hajiya ta ji mun biya kuɗi don mu je mu jiƙe, da yau na sha faɗa, shi ya sa ban aika mata hoton ba tukuna.

Wurin da muka je hanyar ƙafa ce ta kallon ruwa mai faɗowa daga duwatsu, a ƙauyen Ingleton da ke arewacin Ingila, kusan kilomita 7 ce, a hau ta gefen kogin Twiss a sauko ta gefen kogin Doe, kuma tun 1885 ake kai mutane kallonta. Gaskiya wurin ya haɗu. Ganyaye sun yi ja, wasu ruwan ɗorawa, sun zube sun rufe matakala, ga gansakuka ta lulluɓe duwatsu, santsi ko'ina. Ruwan kogin kamar shayin da ba a zuba wa madara ba, saboda ruɓaɓɓun tsirran da yake ratsowa daga saman tsaunuka. Yayansu ya yi gaba abinsa da waya a hannu, Auta tana riƙe da gefen rigar ruwana tana ta surutu.

Ba mu yi nisa ba, a cikin kwarin Swilla, muka iske kututturen nan. Icce ne kwance, an bubbuga masa kwabbai tun daga kai har gindi, wasu sun lanƙwashe, wasu sun yi tsatsa, ko wurin sa yatsa babu. Wata tsohuwar Baturiya da karenta ta ɗauki dutse ta buga nata, ta juyo ta yi wa Auta murmushi, ta ce ta sa nata ita ma ta faɗi abin da take buri.

Auta ta miƙo min hannu. "Umma, ba ni kwabo."

Na ce a'a, mu ba ma yin wannan.

"Don me?"

Na ce buƙata wurin Allah ake kai ta, ba wurin icce ba. Abbansu da ke bayanmu ya yi dariya, ya ce, "Haba uwargida, wasan yara ne. Ita kanta tsohuwar ba ta yarda iccen zai ba ta komai ba." Har ya sa hannu a aljihu. Na kalle shi, ya fito da hannun ba komai.

Da a nan maganar ta tsaya da ban zauna rubuta wannan ba. Mun haura Pecca, ruwa na ta rugugi har ba ka jin na kusa da kai, yarinyar nan ba ta ce uffan ba. Sai da muka isa Thornton Force, inda ruwan ke faɗowa daga tsayin mita 14, Abbansu na ta yi wa Yayansu bayanin yadda dutsen farar ƙasa na sama ya hau kan wani da ya girme shi da miliyoyin shekaru, sannan ta ja ni gefe ta ce, "Umma, in iccen ba ya iya komai, me ya sa kika ji tsoronsa?"

Na ce ba tsoro ba ne. Ta ce to fuskata ta canza.

Wallahi har yanzu abin na cina. Ba wai na sauya ra'ayi ba, ko gobe muka koma ba za ta buga ba. Ni na tashi a gidan da ko tsamiyar bayan gari ba a barinmu mu raɓa da magariba, kuma na ga matan da ke kai goko da farar kaza gindin kuka, na san yadda ake faɗar sunayensu ƙasa-ƙasa a unguwa. A wurina icce da kuɗi da buri in suka haɗu wuri guda, ba wasa ba ne. Ita kuwa abin da ta gani kawai kwabbai ne masu ƙyalli da tsohuwa mai fara'a da kare. Ta yaya zan bayyana wa 'yar firamare duk wannan, a tsaye cikin ruwa, ƙafafuna sun yi ƙanƙara? Kuma me ya sa kullum ni ce mai cewa a'a, shi kuwa mai dariya? A mota na yi masa wannan tambayar, ya ce ai ya mayar da hannunsa. Eh, ya mayar, bayan ta riga ta gani.

Sauran tafiyar ba wani labari. Saman tudu iska kamar ta ɗauke mutum, tsaunin Ingleborough ya ɓuya a hazo. Shayin filas ya huce. Muka wuce mafaɗar ruwa ta Beezley, sai gadar da ke kan kwazazzabon Baxenghyll, wadda na leƙa sau ɗaya na ce ya isa. Gwiwata ta hagu ta fara ƙorafi a gangara. Azahar da la'asar muka haɗa a gefen mota, kan kwali.

Auta ta yi barci tun kafin Skipton. Da daddare da nake cire mata safa ta ce burin nata dama kyanwa ce, kuma ta riga ta roƙi Allah a zuci, in gaya wa Abba. Mai gidan da muke haya ya hana ajiye dabba, wannan kuma rigimar gobe ce. Takalma huɗu na kan hita, ɗakin duk warin jiƙa, kuma ban jiƙa waken alalar safe ba.