Abin da ke kawo mutane shagon sola

Shekara takwas ke nan ina haɗa wa mutane sola a gidajensu, shagona yana wajen Sabon Gari. Ban taɓa ganin wanda ya shigo ya ce don kare muhalli ya zo ba. Zafi ne ke koro su, sai kuɗin fetur, sai kuma maƙwabci.

Kafin Mayun 2023, in na yi wa magidanci lissafi sai ya ce janaretansa ya ishe shi. Da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, su ɗin ne suka dawo suna neman lambata. Azumin 2024 kuwa, da ya faɗo cikin bazara, har dare muke kaiwa a kan rufin mutane.

Amma maƙwabci ya fi komai aiki. Ka sa wa gida ɗaya a layi, da daddare kowa na shimfiɗe a tsakar gida yana fifita, shi kuwa fankarsa na juyawa. Wata biyu ba za ta cika ba sai an kira ka layin. Kuma sau da yawa uwargida ce ke tayar da maganar, maigida biya kawai yake yi.

Wata Hajiya daga Kurna ta zo da kuɗin kwasar adashinta ƙulle a leda. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa.

"Ɗana, ni ba ruwana da talabijin. Firjina kawai nake so ya kwana a kunne."

Na ce, "To Hajiya, farantin sola mai karɓar hasken rana ba shi ne matsalar ba, rana muna da ita har ta yi yawa. Kuɗin yana wajen batir."

A nan ciniki ke yawan watsewa. Mutum ya ji farashin batirin litiyam sai ya dafe kai, ya tafi ya sayo na hannu mai arha, ya jona masa dutsen guga da hita, bayan wata shida ya ce sola yaudara ce. Ita dai Hajiya ta yarda muka fara da inbata ƙarama, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita, bayan shekara ta ƙara faranti biyu daga cinikin ƙanƙara.

Da hunturu ta kira ni wai wuta ta ragu. Na hau rufin, ƙura ce ta lulluɓe farantan, har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Yanzu jikanta ke hawa da bokiti da tsumma duk safiyar Juma'a.