Sati biyar bayan na ƙona fuskata da asid ɗin gyaran fata

Yau da asuba na yi alwala da ruwan sanyi, kuma karon farko cikin sati biyar gefen hancina bai yi raɗaɗi ba. Sai da na sake watsa ruwan don in tabbatar. Alhamdulillahi.

Tun ƙarshen damina nake amfani da asid ɗin gyaran fata mai suna salicylic 2% saboda maiƙo da baƙaƙen ɗigon nan na kan hanci, kuma ya karɓe ni, tunda shi yana narkewa a cikin mai, yana shiga har ƙofofin gashi ya kwance abin da ya toshe su. Da hunturu ya kankama sai gefen bakina ya fara yin furu-furu yana saɓa. Ni a ganina matacciyar fata ce ta taru, wato salicylic ɗin ya gaza ke nan. Na sayo wani jan ruwa mai AHA 30% da BHA 2%, wato nau'o'in asid masu cire matacciyar fata, dubu ashirin da ɗaya har da kuɗin mai kawowa, kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. A jikin kwalbar an rubuta kada ya wuce minti 10. Na bar shi sha biyar, wai don kuɗina su fita.

Bayan kwana biyu aka fara gyaran jikin wata ƙanwata da za a aurar, na tarar ana yi mata dilka, ni ma na miƙa fuska. Mai gyaran ta taɓa kumatuna ta ce, "Hajiya, fuskar nan ta yi laushi da yawa, a ƙyale ta yau." Na ce ta dirza kawai. Garin neman ƙiba na samo rama.

Abin da ya fi ba ni wahala, 'yan uwa, shi ne bambance saɓar da ke son a cire ta da saɓar fatar da ta ji rauni. A madubi kamanninsu ɗaya. Saman fata kamar katangar ƙasa ne mai yaɓe: asid yana sassauta abin da ya riƙe ƙwayoyin, dilka ta kankare su, iskar hunturu kuma ta zuƙe ɗan ruwan da ya rage. Duk lokacin da na ga ɓawo sai in ƙara murzawa, ashe yaɓen nake kwashewa. Alamun da na yi biris da su: goshina yana sheƙi kamar leda alhali babu maiƙo, fuskar ta ɗaure in na yi dariya, man da na shekara ina shafawa ya koma kamar barkono. Ja kuwa ban gani ba. Mu masu duhun fata ba lallai ya nuna ba. Sai bayan kwanaki ki ga wurin ya yi baƙi, don fatarmu in ta fusata ƙara launi take yi. Nawa tabon ya zagaye baki kamar na sha kunun kanwa ban goge ba.

Na ajiye komai, har sabulun salo, don shi ma yana da kaifi. Sabulun ruwa marar kumfa da dare kawai, mai mai ceramide (sinadarin da ke taimaka wa fata riƙe ruwa), sannan ɗan man kaɗanya a kai. Sati na biyu ne ya kusa kayar da ni: ɓawo ko'ina, hoda ba ta zama, hannuna har ƙaiƙayi yake yi in ɗauko tsumma. Na daure, tunda fata na ɗaukar wajen sati huɗu kafin ta sabunta.

Daren Juma'ar da ta wuce na gwada mandelic 5%, wani asid mai sauƙi daga dangin AHA, ɗigo uku. Ƙwayarsa ta fi ta glycolic, ɗan uwansa mai kaifi a dangin AHA, girma, don haka a hankali yake shiga. Ko ɗan tsikari ban ji ba. Sau ɗaya a sati zan tsaya, salicylic kuma kan hanci kaɗai.

Saura man kariyar rana. Ba makawa sai da shi, don AHA na sa rana ta fi cin fata, ga tabo ina jinya. Amma wanda na saya mai SPF 50 yana bar ni kamar na shafa toka, har maigidan ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Wacce ta samu wanda ba ya fari a fatarmu, kuma bai kai dubu goma sha biyar ba, don Allah ta taimaka mini da sunansa.